Bolatta Biyu

Tasiusaq, 20 ga Satumba, 1983

Zuwa ga ƙanwata Bolatta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya kamar yadda muke a nan. Mahaifiyarki Amaalia tana gaishe ki. Ta ce in faɗa miki ƙafarta ta yi sauƙi, amma ni da nake zaune ɗaki ɗaya da ƙafar ban ga sauƙin ba. Karnuka goma sha ɗaya duk suna ci, biyu ne kawai ke jan kaya da zuciya ɗaya.

Sabon malamin makaranta da aka turo mana daga Danmak ya ga bayan ambulan ɗin nan a hannuna, ya ce shi ya ɗauka 'yata ce ke aiki a gidan rediyo a Nuuk. Na ce masa ni na haife ki, amma sunan da ke kanki na ƙanwata ne, wadda jirgin asibiti ya ɗauka tana 'yar shekara takwas saboda tarin fuka, ta rasu a ƙasarsu. Wanda aka ba suna ya ɗauki mai sunan gaba ɗaya, har waƙar lelenta da mazauninta a bakin tukunya. Sai ya ciro ɗan littafi ya rubuta. Duk abin da ba su gane ba, rubutawa suke yi.

Ranar Laraba kin sa mana yaran nan masu gita. Amaalia ta zaci rediyon ne ya lalace, ta tashi ta buga masa tafi biyu. Da na kasa kunne sai na ji ashe da harshenmu suke ihun, har da sunan tsibiri da na tsuntsu. Na ce mata ta zauna. In dai za a fasa mini kunne, gara a fasa shi da yarena. Lokacin da nake saurayi, waƙar da ke fitowa daga akwati ta Turawa ce, tamu sai a coci ko a cikin kwale-kwale inda ba mai ji.

Wannan ne jirgin ruwa na ƙarshe bana kafin teku ya daskare. Na sa miki busasshen kifi a ciki. Kada ki ba abokan aikinki, ba su san darajarsa ba.

Yayanki,
Sakiu


Nuuk, 14 ga Nuwamba, 1983

Zuwa ga Yaya Sakiu,

Ina gaishe ka, ina gaida Mama da ƙafarta. Ni lafiya lau. Kifi ya iso, na ci ni kaɗai kamar yadda ka ce.

Yaya, ka zauna kafin ka karanta sauran. Na so in kira ta wayar kanti, amma ka san duk wanda ke da rediyo a garin yana jin abin da ake faɗa a kanta, kuma Juditta maƙwabciyarmu ba ta taɓa kashe nata ba.

Bana ni aka ba aikin tsara gaisuwar Kirsimeti, wadda mutanenmu na Danmak ke ɗauka a faifai su aiko. Yawanci ka san su: ɗalibai suna gaida iyaye, wani yana kuka, wani yana tambayar karensa. Ina cikin saurare sai ga muryar wata mata. Da yaren Danmak ta yi magana, ba ta iya namu ba ko kalma. Ta ce sunanta Bolette, shekarunta arba'in da ɗaya, tana aiki a wani gidan tsofaffi a garin Horsens. An kawo ta asibiti tana yarinya, da ta warke wata ma'aikaciyar jinya ta riƙe ta. Ba ta san sunan garinsu ba, ta san dai arewa ne. Ta ce abu ɗaya ya rage mata, ba ta san ma'anarsa ba, za ta rera, ko akwai wanda ya gane.

Sai ta rera waƙata, Yaya.

'Yar kunnen kofi, 'yar kunnen kofi,
wa ya ajiye ki a bakin ruwa?
Ni na tsinta, ni na tsinta,
ba na mayarwa.

Kalmomin sun goge a bakinta kamar dutsen da ruwa ya daɗe yana bi ta kansa, amma su ne. Har inda Kaka take jan numfashi kafin "ba na mayarwa", nan ita ma ta ja. Mai haɗa sauti ya ce, "Bolatta, lafiya? Ko fatalwa kika ji?" Na ce ya mayar da faifan baya. Sau shida ya mayar.

Akwai wani baiti a ƙarshe da ban taɓa ji ba. Na saurara har na tsinci kalmomin: Sakiu ya hau dutse, ƙwai zai kawo, kar ki ba kowa.

Ka san waƙar lele ba ta yawo. Kowane yaro da tasa, ba a rera wa na maƙwabta. To ta ina matar Horsens ta samu tamu, da sunanka a ciki?

Ta roƙi a watsa. Ba ni da ikon ɓoyewa, kuma ba na so. Za a sa ranar jajiberin Kirsimeti da yamma. Ina roƙon Allah wannan takarda ta riga faifan isowa gare ka.

Ƙanwarka,
Bolatta


Tasiusaq, 26 ga Disamba, 1983

Zuwa ga 'yata,

Muna lafiya. Jokum mai kai mana wasiƙu zai gwada bin ƙanƙara zuwa garin Upernavik yanzu, ya riga ya ɗaure karnuka, yana jirana a ƙofa.

Na ji. Ita ce. Ƙanwata tana da rai.

Ki nemo ta. Ki ce mata waƙarta ce, Inna ce ta yi mata, ki faɗa mata ma'anar kowace kalma. Ki aiko mini da faifan.

Sakiu


Nuuk, 19 ga Janairu, 1984

Zuwa gare ka,

Ina gaishe ku. Ina lafiya, sai dai mura.

Takardarka ta iso. Na karanta layin farko na tsaya. Shekara talatin ba ka taɓa ce mini 'yata ba. Ban san yadda zan buɗe tawa ba, shi ya sa ka ga na bar wurin haka.

Na yi abin da ka ce. Na rubuta mata, ta amsa a cikin mako. Ta nemi takardunta na asibiti, aka gano yara biyu ne masu suna ɗaya a ɗaki ɗaya, ɗayar 'yar kudu. Ita ce ta rasu, aka aika labarin ga limamin cocinmu maimakon nata. Ita kuwa taku, da ta ga ba wanda ya rubuto, sai ta ɗauka kun ba da ita ne. Ta ce ta daɗe da yafewa, amma ta ji daɗi da ba sai ta yafe ba. Da na fassara mata "'yar kunnen kofi" ta ce ta je gaban madubi ta ɗaga gashinta, ta yi dariya har abokiyar aikinta ta leƙo. Kunnuwan nata a buɗe suke kamar naka. Nawa a kwance suke. Tun ina yarinya nake mamakin me ya sa ake zagin kunnena da abin da bai yi ba.

Ta sayi kaset na yaran masu gita, tana saurare tana wanke-wanke, ba ta jin komai, ta ce dai bakinta yana son ya bi. Za ta zo da bazara, a jirgin farko.

Ina murna, Allah ya sani. Amma ka bar ni in faɗi sauran. Hantar dabbar tekun nan, puisi, da ake fara yanka mini in ka dawo farauta, tata ce. Taron shan kofin da ake haɗa mini a ranar haihuwar da ba tawa ba, nata ne. Kaka ta rasu tana riƙe da hannuna tana cewa autarta ta dawo, alhali autar tana can tana koyon cin dankali. Ba a ba da sunan mai rai, kowa ya sani. To ni na ɗauki kayan mutum yana raye, na sa har suka tsufa a jikina.

A wurin aiki na daina faɗin sunan. Da bazara kuma ba zan zo ba. Ɗakinmu ƙarami ne, in ka kira suna mutum biyu za su juyo, kuma na san wadda kake nufi. Ka ga ƙanwarka a natse. Malamin makaranta zai yi muku tafinta.

Faifan yana cikin ambulan.

Ni ce


Nuuk, 12 ga Fabrairu, 1984

Ina gaisuwa. An ce Jokum yana Upernavik har yanzu, ƙanƙara ta tsage a bayansa. Wataƙila shi ya sa shiru. Wataƙila kuma ba shi ba ne. In na faɗi abin da bai kamata ba, ka yi haƙuri. Ka gaida Mama.


Tasiusaq, 4 ga Maris, 1984

Zuwa ga Bolatta, wadda ke ƙoƙarin zama Mikkelina,

Gaisuwa da fatan murar ta tafi. Rana ta dawo mana wata guda ke nan bayan dogon duhun hunturu, ƙafar mahaifiyarki ta fara fita tana gaida mutane. Ni ƙalau, sai dai kunya da nake fama da ita, za ki ji dalili a ƙasa.

Jokum ya dawo shekaranjiya, ya yi ƙiba a gidan surukarsa, ya zo da takardunki uku a jaka ɗaya. Na jera su na karanta bi da bi, na ga yadda kika zauna ke kaɗai a Nuuk kika yi shari'a, kika yanke hukunci, kika kori kanki daga gidan ubanki, ba tare da an kira shaida ko ɗaya ba. Wannan halin na wajen uwarki ne.

Bari in fara daga farko, don takardarki ta gargaɗi ta zo bayan wata biyu da abin da take gargaɗi a kai.

Ranar jajibere ɗakin nan cike yake, saboda rediyonmu ya fi na kowa kama Nuuk. Juditta ta kawo waina, ta zauna kusa da ita tana gadinta. Muka ji muryarki, kowa ya ce ga tamu. Sai aka shiga gaisuwa. Da matar ta fara yaren Danmak, Juditta ta ce, "Ga wata kuma da ta je ta sayar da harshenta ta sayi hula." Aka yi dariya, ni ma na yi. Sai ta fara rerawa.

Kofi ne a hannuna. An ce na ajiye shi a hankali a kan tebur, ni ban tuna ba. Amaalia ta ce, "Wa ya ba matar nan waƙar Bolatta?" Ni kuwa na riga na ji ta kama hanyar baitin ƙarshe. Wannan baiti ni na roƙi Inna ta daina shi. Ni na tuƙa ta a kwale-kwale zuwa jirgin asibiti. Ta riƙe mini riga ta ƙi hawa, na ce mata ta je, kafin ta dawo zan tara mata ƙwai cike da hula. Da haka ta saki rigar. Shi ya sa ba ki taɓa jin baitin ba. Mutum uku suka san shi a duniya, ɗaya tana maƙabarta a bayan coci.

Da aka gama ba wanda ya yi motsi, har wainar ba a taɓa ba. Sai Juditta, wadda ba ta iya barin shiru ya huta, ta ce, "To in waccan ce Bolatta, ta Nuuk ɗin wace ce?" Uwarki ta juyo ta ce, "Ta Nuuk ɗin ni na yi naƙudarta kwana biyu, ke kina waje kina cin kifina. In kin manta, ni ban manta ba." Daga baya, da mutane suka watse, ta zauna ta ce, "Sakiu, shekara talatin ina yi wa 'yar cikina ladabin ƙanwar miji. Ko tsawa ban taɓa yi mata da kyau ba. Bari ta zo."

To kin ji, akwai tsawa tana jiranki. Kada ki hana tsohuwa rabonta.

Yanzu maganar "'yata". Jokum yana ƙofa, karnuka suna haushi. Kwana biyu ban iya cin abinci ba. Na ɗauki alƙalami, na ji ni tsoho ne mai jin tsoro. Tsoho mai jin tsoro ba ƙanwa yake nema ba, ɗansa yake nema. Shi ne na kira ki da abin da kike tun ranar da aka miƙo mini ke a cikin fata. Ban ƙwace miki komai ba. Wani abu ne da na daɗe ina ajiye da shi na ciro.

A watan jiya muna zaune sai muka ji muryarki ta ce, "Mikkelina ce ke magana daga Nuuk." Uwarki ta ce, "Wace ce kuma Mikkelina? Ta sace muryar 'yata." Na ce, "Ke kika zaɓa mata shi ranar baftisma, na biyu." Ta ce, "Ni? To ban ji daɗinsa ba." Ki daina. Tsofaffin garin nan sun rikice, wani ya zo yi mini jaje.

Na je wurin malamin coci na tambaye shi hukuncin sunan da aka bayar bisa kuskure. Ya duba littafi, ya duba rufi, ya ce ba a rubuta ba. Na tambayi kaina a bakin ramin kamun kifi na kan ƙanƙara, inda nake samun amsa mafi kyau. Ga abin da na gani. Inna ta yi kuka shekara guda, ta daina ɗinki, ta daina magana. Ranar da aka sa mata ke a cinya aka faɗi sunan, ta buɗe baki ta rera. Ta ƙara shekara goma sha huɗu a duniya tana dariya. Wannan aikin ba matar Horsens ta yi shi ba, ke kika yi. Hantar da kika ci ladanki ce. Sunan kuma ya yi shekara talatin yana aiki a gida biyu bai gaji ba, zai iya ci gaba.

Waƙar ce dai kike da gaskiya a kai. Ta kunnen kofi tata ce, kunnuwan ma sun shaida. Ki mayar mata. Sai na zauna na ga ashe na yi miki rashin adalci: kowane yaro a garin nan yana da waƙarsa, har Jokum, ke kaɗai aka rena da ta aro.

Ga inda kunyar ta shigo. Tun ranar da na ji Mikkelina a rediyo, kafin ma takardunki su zo, na gane inda ciwon yake. Na fara haɗa miki taki. Ban taɓa yin waƙa ba. A kan ƙanƙara nake gwadawa, nesa da gari. Karnuka sun saurari ta farko, babbansu ya tashi ya juya mini baya. Uwarki ta kama ni ina gunguni a bayan rumbun nama, ta ce, "Ciki ne ke ciwo ko haƙori?" Da na faɗa mata, ta ce, "Yarinyar da ta kai shekara talatin? A wace cinyar za ka ɗora ta?" Amma ita ta gyara mini layi na uku.

Jiya na je wurin malamin makaranta ya ɗauka a kaset. Ya ciro littafinsa, na ce in ya rubuta wannan zan jefa littafin a teku. Ga kalmomin, ko da muryar ta hana ki ji:

Mai baki, mai baki,
ta zo da ihu, ta tashi gari.
Ta shiga akwati, ta ƙi fitowa,
duk ƙasa na ji, ni na san mai ita.
Aja, aja, mai baki tawa.

Ba ta kai ta Inna ba, na sani. Amma ba a taɓa rera wa kowa ita ba.

Maganar tafinta kuma, ki cire malamin makaranta. Zan gaya wa ƙanwata dalilin da ya sa ban je nemanta ba, zan gaya mata yadda Inna ta rasu, zan ba ta haƙurin ƙwai. Ba zan faɗi wannan ta bakin baƙo ba. Ba ni da yarenta, ba ta da nawa, ke ce kike da duka biyun. In na kira suna kuka juyo ku biyu, ai sai in ga fuska biyu, ni me na rasa?

Ki zo a jirgin farko, tare da ita. In kin ƙi, malamin ya ajiye kwafin kaset ɗin, zan aika wa shugabanku ya sa ranar Laraba bayan masu gita, da sunanki cikakke.

Ni ne ubanki, kuma yayanki, duk wanda kika fi bukata a ranar,
Sakiu


Nuuk, 2 ga Afrilu, 1984

Baba,

Na daɗe ina kallon kalmar nan a kan takarda kafin in ci gaba. Ta yi kyau. Ina gaishe ka, ina gaida Mama, ka ce mata na shirya wa tsawar.

Na kulle ɗakin sauti na saurari kaset ɗin ni kaɗai. Babban karen yana da gaskiya. Ka fara a sama, ka faɗo a tsakiya, a ƙarshe ana jin malamin yana tari. Sau nawa na saurara, ba zan faɗa maka ba.

Na karɓi hutu. Ƙanwarka za ta sauka a nan ranar ashirin ga Yuni, mu hau jirgi tare. Ta roƙi in koya mata abin da za ta ce maka a bakin ruwa. Muna yi ta waya, kalma biyar, kullum sai ta karya ta uku. Na ce ta bar ta a karye, za ka gane.

Ka karɓo kwafin nan daga hannun malamin. Wannan ba ta rediyo ba ce. Kuma ka riƙa motsa gwiwarka kafin Yuni, don na yi nauyi, kuma sai na zauna.

'Yarka,
Bolatta